Garejin Kant na Berlin: hanyar da ta hau da mota bene shida, da mutanen da suka zana ta

A kan titin Kantstraße, lamba 126 zuwa 127, cikin unguwar Charlottenburg ta birnin Berlin, akwai wani bene mai hawa shida wanda jiragen ƙasa na cikin gari ke wucewa ta bayansa dare da rana. An gina shi tsakanin 1929 da 1930, aka buɗe shi a watan Oktoban 1930, domin ya ɗauki motoci wajen 300. Jamusawa na kiransa Kant-Garagen, a farkon zamaninsa kuwa har "fadar gareji" ake ce masa. Ya tsallake ruwan bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu, ya ci gaba da karɓar motoci fiye da shekara 80, kuma a 1991 hukuma ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da doka ta kare.

Mutane da yawa kan tsaya a fuskarsa: tagogi dogaye, bulo mai ruwan ƙasa, babu ado ko ɗaya. Darajarsa ta gaske tana ciki, a hanyar da mota ke bi daga titi har hawa na ƙarshe. Wanda bai fahimci wannan hanyar ba, ba zai gane dalilin da ya sa masana gini suka tashi tsaye a kansa lokacin da aka nemi rushe shi ba.

Sai an fara tuna wace irin aba ce mota a shekarun 1920. Da yawa rufin tamfol ne da su. Fentin jikinsu ba ya jure ruwa da ƙanƙara. Ruwa zalla ake zuba wa lagireto a yawancinsu, kuma a hunturun Berlin ruwa kan daskare cikin dare. Idan ya daskare sai ya kumbura, ya tsaga lagireton ko ma jikin injin. Saboda haka mota na buƙatar ɗaki mai ɗumi, ba inuwa kawai ba. Tana buƙatar wanki, man giris a gaɓoɓinta akai-akai, cajin batir, da fetur. Masu motocin kuma mazauna benaye ne da aka gina kafin zuwan mota, babu filin ajiye komai a gidajensu. Doka ba ta tilasta wa mai gina gida ya tanadi wurin mota a Jamus ba sai a 1939. Kafin nan, wanda ya sayi mota shi zai nemo mata masauki, ya riƙa biyan haya duk wata kamar ɗakin mutum.

Fili a tsakiyar gari na da tsada. Idan aka haɗa wurin tsayuwa da hanyar wucewa, mota ɗaya kan cinye murabba'in mita 25 zuwa 30. Motoci 300 a ƙasa ɗaya za su nemi kusan murabba'in mita 8,000, fiye da filin ƙwallo guda. Dole a yi sama. Tambayar ita ce yadda za a kai abu mai nauyin tan ɗaya da ɗoriya hawa na biyar, a kuma sauko da shi a kan lokaci.

Amsar farko ita ce lif. Garejin da mai zanen gini Auguste Perret ya gina da kankare a titin Ponthieu na birnin Paris wajen 1906 da lif yake aiki, da faifai mai juya mota. Lif ba ya cin fili, wannan gaskiya ne. Amma a yi lissafi: idan hawa da sauka da shigar da mota da fitar da ita na cin minti 2, lif ɗaya mota 30 kawai zai iya fitarwa a awa. Masu mota kuwa ba su rarraba kansu cikin yini. Da safe suke fitowa gaba ɗaya, da yamma su dawo gaba ɗaya. Ranar da lif ya lalace, duk motar da ke sama ta zama fursuna. Ga kuɗin ma'aikacin da zai tsaya a kai.

Amsa ta biyu ita ce a bar mota ta hau da ƙarfin injinta a kan gangara. A Amurka injiniya Fernand d'Humy ya fito da dabara wajen 1919: a raba ginin gida biyu, a ɗaga rabi da rabin hawa, sai gajerun gangara su haɗa su. Dabarar ta yaɗu sosai domin ba ta cin wuri. Aibinta shi ne direba na ratsa tsakiyar motocin da ke ajiye a kowane hawa, duk mai ja da baya zai tsayar da shi, kuma masu hawa da masu sauka kan yi gaba da gaba a kwana.

Masu zanen garejin Kant sun ɗauki hanya ta uku, wadda ba a taɓa ginawa a Jamus ba kafin su, ko da yake wani gareji a birnin Roma, Casa dell'Automobile, ya riga su da kaɗan. Hanya ce murɗaɗɗiya mai tufka biyu. A ɗauki igiyar da aka tufka da zare biyu: zaren nan biyu suna zagaya juna daga ƙasa har sama, amma ba inda suka haɗu. Haka hanyoyin nan suke. Ɗaya ta masu hawa ce, ɗaya ta masu sauka, suna cikin da'ira guda, kowace rufi ce ga 'yar'uwarta. Tsohuwar dabara ce a matattakala, kamar wadda ke fadar Chambord ta Faransa tun ƙarni na 16, inda mutum biyu za su hau su sauka ba tare da sun yi kiciɓis ba. Sabon abu shi ne a yi ta da kankare da rodi, da faɗin da mota za ta bi.

Lissafin yana da daɗi, kuma shi ne zuciyar maganar. Alƙaluman da ke tafe misali ne domin a ga yadda abin ke aiki. A ce tsayin hawa ɗaya mita 3 ne. Tunda hanya biyu ke rabon da'ira ɗaya, kowace sai ta tashi hawa biyu, wato mita 6, a zagaye guda, don ɗayar ta sami wurin ratsawa a tsakani. Idan daga tsakiyar da'irar zuwa tsakiyar hanyar mita 9 ne, tsawon zagaye ɗaya zai kai mita 56 da rabi. Tashin mita 6 cikin wannan tsawo ya ba da tsini, wato tsananin gangarar, na kusan kashi 10.6 cikin 100. Mota ta wancan zamani na iya hawan wannan a ƙaramar giya. Ribar kuma biyu ce: direba na wuce hawa ɗaya a rabin zagaye, don haka zagaye uku ya kai shi inda hanya mai tufka ɗaya za ta sa shi yin shida; sannan filin da hanya ɗaya za ta ci shi ne biyu suka ci.

Amma murɗaɗɗiyar hanya na da tarkonta. Tsininta ba ɗaya ba ne a faɗinta. A misalin nan, idan faɗin hanyar mita 4 ne, gefen ciki yana mita 7 daga tsakiya, zagayensa mita 44, tsininsa ya haura kashi 13 da rabi. Gefen waje yana mita 11, tsininsa bai kai kashi 9 ba. Mai zanen da ya auna tsini a tsakiyar hanya kawai, ya manta da gefen ciki, zai gina abin da ke cinye kulocin mota. Sannan tayar baya ba ta bin sawun tayar gaba a kwana, tana yanke ta ciki. Shi ya sa hanyar da ta isa mota a miƙe ba ta isarta a lanƙwasa. Dokokin gareji na Jamus a yau sun tsaya a kan waɗannan: tsini kada ya wuce kashi 15 cikin 100, faɗin hanya miƙaƙƙiya aƙalla mita 2.75, a murɗaɗɗiya mita 3.50, gefen ciki kada ya gaza mita 5 daga tsakiyar da'ira, kuma a ɗan karkatar da ƙasan hanyar zuwa ciki da aƙalla kashi 3 cikin 100 don mota ta zauna a kwana, ruwa kuma ya sami inda zai bi.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bakin gangara, inda take haɗuwa da shimfiɗaɗɗen dakin, wato daɓen kankare na kowane hawa. Idan aka bar kusurwar da kaifi, a sama cikin mota zai daki ƙasa, a ƙasa kuma bamba ko salansa za su karta. Maganinsa shi ne a sa 'yan mitoci masu rabin tsinin a kowane baki, ko a zagaye kusurwar. Haka tsayin rufi: ba daga ƙasa zuwa bim a tsaye kawai ake aunawa ba, domin doguwar mota idan gabanta ya fara hawa, tsakiyar rufinta kan matso bim fiye da yadda takarda ta nuna. Duk wannan sai kafintan da ke haɗa katakon zuba kankare ya fitar da shi da hannu, a fuskar da ke lanƙwasa tana kuma tashi a lokaci ɗaya. A 1929 babu kwamfuta, zare ne da ma'auni da ido. Aikin kafintocin nan da ba a rubuta sunansu ba ya cancanci a ambace shi tare da na masu zane.

Tsakiyar da'irar, wadda a wasu gine-ginen rami ne kawai, a nan an mayar da ita wurin wankin mota a hawa-hawa. Tunani ne mai kyau, domin bututun ruwa da na magudana suna sauka a layi ɗaya. A ƙasa akwai gidan mai da wurin kanikawa. Yawancin motocin kuma ba a fili suke kwana ba. Wajen 200 suna da ɗakinsu mai kulle, da ƙofofin ƙarfe masu zamewa na kamfanin Heinrichs. Dalilin ƙofa mai zamewa a bayyane yake: ƙofa mai buɗewa waje za ta tare hanyar wucewa, sai an ƙara faɗin hanyar, a rasa wurin wasu motoci. Ɗakunan kuma na rage gudun wuta daga mota zuwa mota, abin da hukumar kashe gobara ta fi tsoro a ginin da ke cike da tankunan fetur. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa da cikin magudana, don haka ruwan wanki sai ya bi ta tarkon da ke raba mai da ruwa kafin ya shiga lambatun gari.

Bayan ginin, ɓangaren da ke kallon layin dogo, bango ne na gilashi da siririn ƙarfe wanda aka rataya a gaban dakin kamar labule. Ba ya ɗaukar nauyin komai sai nasa. Ginshiƙan kankare da ke ciki su ke riƙe da benen. Gilashin mai waya ne a cikinsa, wanda ko zafin gobara ya tsaga shi ba ya zubewa nan take. Amfaninsa na farko haske ne: direban da ke murɗa sitiyari a kan gangara yana ganin gabansa da hasken rana. Irin wannan bango ya shahara da ginin makarantar Bauhaus a Dessau na 1926, kuma kaɗan ne daga na wancan zamani suka kai ƙarni na 21 da ƙarfensu na asali. Na garejin Kant ya kai.

Sunaye biyar ne ke kan aikin. Akwai ofishin Lohmüller, Korschelt da Renker, sannan matasa biyu, Hermann Zweigenthal da Richard Paulick. Mai ginin kuwa ɗan kasuwa ne kuma injiniya, Louis Serlin. An daɗe ana jingina ginin ga Paulick fiye da kowa, saboda shi ne sunansa ya fi fita daga baya. Binciken da aka yi a 'yan shekarun nan ya dawo da Zweigenthal gaba, kuma wannan gyara ne da ya dace.

An haifi Zweigenthal a Viyana a 1904. Ya yi karatun zanen gini a Berlin a hannun Hans Poelzig, kuma tun yana ɗalibi hankalinsa na kan yadda mota za ta zauna da birni. Yana da shekara 26 aka buɗe garejin. Shekara uku bayan haka 'yan Nazi suka karɓi mulki, shi kuma asalinsa Bayahude ne. Ya fita ta Siwizalan, ya zauna a Landan, ya ƙarasa Amurka a 1940, inda ya koma amsa sunan Hermann Herrey. A can ya yi aiki a kan tsarin zirga-zirgar birni, ya kuma shiga harkar wasan kwaikwayo na dandamali. Ya rasu a 1968. Mutum ya bar ƙasa, ya sauya suna, ginin da ya fi nuna gwanintarsa kuma gareji ne da ba wanda ke tambayar wa ya zana shi: haka sunansa ya kusa ɓacewa daga tarihin gine-ginen Berlin.

Paulick, wanda aka haifa a 1903, ya fito ne daga da'irar Bauhaus. Shi da Georg Muche suka zana gidan ƙarfe na Dessau a 1926 zuwa 1927, ya kuma yi aiki a ofishin Walter Gropius, wanda ya kafa makarantar. Shi ma ya gudu a 1933, saboda siyasarsa ta hagu, ya tafi Shanghai ta ƙasar Sin, ya yi shekaru yana zanen cikin gida, yana koyarwa, yana aikin tsara birni. A 1950 ya koma Jamus ta Gabas. Shi ya jagoranci sake gina gidan opera na titin Unter den Linden, ya zana wani sashe na titin Berlin da ake kira Stalinallee a lokacin, daga baya ya zama babban mai tsara sababbin garuruwa irin su Hoyerswerda, Schwedt da Halle-Neustadt. Serlin kuma an ƙwace masa ginin a 1941, cikin shirin raba Yahudawa da dukiyoyinsu. Abokan aiki biyu, ɗaya ya ƙare a New York, ɗaya a Berlin ta Gabas, ginin nasu ya rage a Berlin ta Yamma. Ba kasafai ake samun tarihin Jamus na ƙarni na 20 a dunƙule cikin gini ɗaya haka ba.

Abin da yaƙi bai yi wa ginin ba, gishiri ya yi. Wannan ita ce cutar duk wani tsohon gareji a ƙasar sanyi. Sabon kankare na da kaifin alkali, ma'auninsa na pH wajen 12.5 zuwa 13, kuma wannan kaifin ne ke hana rodi tsatsa. Iskar kabon da ke cikin sarari na ratsa kankaren a hankali, tana rage kaifin. Idan ya sauka ƙasa da 9 a inda rodin yake, kariya ta ƙare. Gine-ginen 1920 kuma galibi fatar kankaren da ke rufe rodinsu siririya ce. Sai ga gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara, abin da ya yawaita bayan yaƙi, wanda masu zanen 1929 ba su yi lissafinsa ba. Mota na shigowa da dusar ƙanƙara mai gishiri a ƙarƙashinta, ta narke a ɗumin gareji, ta bi tsaga ta kai ga rodi. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi girma ninki biyu zuwa shida, sai ta tura kankaren ya ɓamɓare. Tsatsar gishiri ta fi muni, domin tana huda rodin a wuri guda ta cinye kaurinsa, waje kuwa lafiya lau.

Wannan ba tsoro ne na takarda ba. A 1997 wani sashe na dakin saman garejin Pipers Row a Wolverhampton ta Ingila ya rufta a daidai kan ginshiƙai. A watan Afrilun 2023 wani gareji na shekarun 1920 a titin Ann na New York ya rushe, mutum ɗaya ya mutu.

Bincike yana da matakansa. Ana fara bin dakin da guduma ko jan sarƙa, a saurara: inda ƙarar ta yi kamar ganga, kankare ya rabu da rodi. Ana auna kaurin fatar da na'urar maganaɗisu. Ana huda samfuri, a fesa masa ruwan wani sinadari mai suna fenolftalin. Inda ya yi jan-shuɗi kaifin na nan, inda bai sauya launi ba iska ta ci. Ana tara ƙurar huji daga zurfi daban-daban a auna gishiri, kuma idan ya kai kusan kashi 0.4 cikin 100 na nauyin siminti a daidai rodi, akwai hatsari. Wajen gyara, an fi son cire ruɓaɓɓen kankare da ruwa mai tsananin matsi, saboda injin fasa dutse na haifar da sababbin tsagu. Sai an tona har bayan rodin, a goge shi, a ƙara sabo inda ya sirance, sannan a cike. Kuskuren da aka fi yi shi ne facin wuri ɗaya a bar gishiri a kewayensa: sabon facin na kare rodin da ke cikinsa, sai tsatsar ta koma gefensa ta ci da sauri fiye da da. Inda ba a son fasa tsohon kankare da yawa, kamar a ginin tarihi, ana iya sa kariyar lantarki, wato a riƙa tura ɗan ƙaramin wuta zuwa rodin don tsatsa ta tsaya. Daga ƙarshe a shafe saman dakin da abin da ke hana ruwa ratsawa.

A 2013 mai ginin na lokacin ya nemi izinin rushe shi, da hujjar cewa gyaran ya fi ƙarfin abin da ginin ke kawowa. Hujjar ba ta banza ba ce. Motoci sun yi ƙiba: Volkswagen Golf ta 1974 faɗinta mita 1.61 ne, ta yanzu kusan 1.79, ɗakunan 1930 kuwa ba sa miƙewa. Amma masana gini da masu kare kayan tarihi sun yi ca, ba a ba da izinin ba, kuma a 2016 ginin ya koma hannun sabon mai shi, Dirk Gädeke, ofishin Nalbach da Nalbach ya tsara gyaransa. An sake buɗe shi a 2022, da shaguna da wuraren baje koli da ofisoshi maimakon motoci.

Mayar da gareji wurin mutane ba shi da sauƙi. Dakin gareji na yau ana lissafa shi a kan kusan kilo 250 a kowane murabba'in mita, kanti kuwa na neman 400 zuwa 500, don taron jama'a da kaya sun fi jerin motoci nauyi a wuri ɗaya. Rufi gajere ne, bututun iska da na kashe gobara na ƙara rage shi. Gangara mai kashi 10 ta fi ƙarfin keken guragu, wanda ƙa'idar Jamus ta tsayar masa kashi 6, don haka sai an sa lif a ginin da aka yi shi domin a guje wa lif. Gilashi mai fai ɗaya da ƙarfen da ba shi da abin tare sanyi ba su dace da ofis ba. Ko a sauya su a rasa na asali, ko a gina bango na biyu daga ciki a bar tsohon a matsayinsa. Hanya ta biyun ta fi tsada, ita ce kuma ta fi mutunta ginin.

Akwai asara a nan, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. An zana hanyar mai tufka biyu domin a ji ta daga bayan sitiyari, ana hawa, hasken gilashi na zuwa yana wucewa a kowane rabin zagaye, ana jin ƙarar wata mota na sauka a saman kai ba a ganinta. Mai tafiya a ƙafa ba zai sami wannan ba. Sai dai garejin Perret na titin Ponthieu an rushe shi wajen 1970, garejin otal ɗin La Salle na Chicago, wanda Holabird da Roche suka zana a 1918, an rushe shi a 2005, kuma daga cikinsu ba abin da ya rage sai hotuna da zane. A Kantstraße ana iya tsayawa a bakin gangarar, a auna tsininta, a ga inda kafintocin 1929 suka zagaye kusurwar da ke haɗa ta da dakin.